Darasi na 9: Sidi, Kuɗin Maƙwabtanmu na Gana

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana son kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin ma'anar sunan sidi da pesewa, da inda suka samo asali;
2. karanta farashin sidi idan an rubuta shi da Turanci, ya kuma faɗe shi daidai;
3. bambance ƙirgar tsohon sidi da ta sabo;
4. lissafa canji tsakanin sidi da sefa da kansa, ba sai ya miƙa wa wani wayarsa ba.

1. Me ya haɗa mu da sidi?

Kuɗinmu a Togo sefa ce. Da ita muke sayen masara a Langabou, da ita muke biyan kuɗin mota zuwa Sokode. To amma Togo ƙasa ce siririya, kuma duk gefenta na yamma Gana ce, tun daga bakin teku har arewa. Daga Langabou akwai hanyar da ta rabu da babban titin Lome zuwa Sinkase, ta yi yamma ta Pagala zuwa Yege, kusa da iyaka. Daga Sokode, wanda ya bi ta Basar da Kabu zai ɓulla Tatale, daga nan sai Yandi. Mutumin Dapaong kuwa tafiya kaɗan ce ta raba shi da Sinkase, inda Togo da Gana da Burkina Faso suka kusanci juna, inda kuma ake ciniki da sefa da sidi a kasuwa ɗaya.

Wannan cuɗanya ba yau aka fara ta ba. Fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sun daɗe suna ratsa ƙasar Kotokoli kafin su isa Salaga, kuma zangonnin da suka sauka sun zama unguwanni. Daga baya Jamusawa suka mulki Togo daga 1884 zuwa 1914. Da aka ci su da yaƙi, Ingila da Faransa suka raba ƙasar. Kason Ingila ya kaɗa ƙuri'a a 1956, ya haɗe da Gana da ta sami 'yanci a 1957. Kason Faransa shi ne Togon da ta sami 'yanci ranar 27 ga Afrilu 1960. Shi ya sa za ka ga wa yana Yandi yana karɓar sidi, ƙane yana Basar yana karɓar sefa, uwa ɗaya uba ɗaya.

Saboda haka sidi ba baƙo ne na nesa ba. Abin da ke ba mu wahala da shi shi ne da Turanci ake rubuta shi, mu kuwa da Faransanci muka saba ganin lambobi.

2. Ma'anar sunan

Kalmar sidi ba Turanci ba ce. Daga harshen Akan ta fito, wato harshen Asante da Fante, kuma ma'anarta wuri.

Matasan cikinmu wataƙila sun san wuri ne kawai a jikin ƙwarya ko a wuyan ɗan dambe. Ku samo ɗaya ku riƙe. Bai fi kan ɗan yatsa ba, bayansa a kumbure mai santsi, cikinsa a tsage da ƙananan haƙora gefe da gefe. Ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa, kuma ba a iya ƙera na jabu. Ba a tekunmu aka fi samunsa ba. Daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya aka riƙa kwaso shi, ya shigo ta Sahara, daga baya kuma jiragen Turawa suka riƙa sauke shi a gaɓar teku. Shekaru ɗaruruwa shi ne abin ciniki daga Kano har Salaga. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ne daidai da babbar tsabar azurfa guda ɗaya. Ku yi tunanin mai sayen doki a irin wannan kasuwa: sai an zauna a tabarma ana jan wuri biyar-biyar da yatsu, ana tara shi tsibi-tsibi.

A nan akwai abin da ya kamata ya faranta wa Bahaushe rai. Kalmar kuɗi da muke faɗa kullum jam'in wuri ce: wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Shi ya sa har yau muke cewa mutum ba shi da ko wuri. Ashe da mu da mutanen Kumasi abu ɗaya muke kira, kowa da bakinsa. Gana ma ba ta ɓoye wannan asali ba, domin wanda ya taɓa riƙe tsohuwar kwandalar sidi 200 ta shekarun 1990 ya ga hoton wuri a jikinta.

Ƙaramin sidi shi ne pesewa, wanda bakin Bahaushe kan mayar fesewa. Ita ma kalmar Akan ce. A zamanin da ake ciniki da garin zinariya, ita ce ɗaya daga mafi ƙanƙantar ma'aunai. Ga wani abu kuma: ku ciro takardar jika ɗaya daga aljihu, ku dubi tambarin babban bankinmu, wannan abu mai kama da kifi mai dogon baki kamar zarto. Siffar ma'aunin zinariya ce ta mutanen Akan. Sefar da ke hannunmu ma tana ɗauke da alamar gidansu.

> AKWATI NA 1
> Sidi: kuɗin ƙasar Gana tun 1965. Asalin ma'anarsa wuri.
> Pesewa: kashi ɗaya cikin ɗari na sidi. Pesewa 100 su ne sidi 1.
> Wuri: ƙwanson wata ƙaramar dabbar teku da aka yi ciniki da shi kafin zuwan kuɗin Turawa.

3. Sidi uku aka yi, ba ɗaya ba

Wannan sashe shi ne tushen yawancin rikicin da ake yi a kasuwa, don haka mu bi shi a hankali.

Kafin 1965, fam da sule da kwabo ake kashewa a Gana, irin lissafin Ingila. Ranar 19 ga Yuli 1965 gwamnatin Kwame Nkrumah ta fito da sidi na farko, da hotonsa a jiki. An tsara shi ya zama kwabo 100 cif, wato sule takwas da kwabo huɗu. Nkrumah ya so kuɗin ƙasarsa su amsa sunan gida, kuma a ganina ya yi daidai, domin ga shi shekaru sun shuɗe, gwamnatoci sun zo sun tafi, sunan yana nan.

A Fabrairun 1966 sojoji suka kifar da shi. A Fabrairun 1967 aka fito da sidi na biyu, aka cire hotonsa, aka kuma daidaita lissafi ya zama sidi biyu su ne fam guda. Wannan sidi na biyu shi ne ya yi shekara 40 ana kashe shi, yana ta zubewa saboda hauhawar farashi, har ta kai ana sayen burodi da dubbai, ana biyan kuɗin haya da miliyoyi, 'yan kasuwa suna ɗaukar kuɗi a jakar leda.

A Yulin 2007, zamanin Shugaba John Kufuor, Babban Bankin Gana ya fito da sidi na uku, wanda ake kashewa yanzu. An yanke sifili huɗu: tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1. Ba a ƙara wa kowa arziki ba, ba a rage wa kowa ba, lambar ce kawai ta gajarce. Don a bambance shi da na da, aka liƙa masa sunan ƙasar, ya zama *Ghana cedi*. An fara da takardun 1 da 5 da 10 da 20 da 50, aka ƙaro ta 2 a 2010, sannan ta 100 da ta 200 a 2019. Ta sidi 1 ja ce, ta 5 shuɗiya, ta 10 koriya.

To banki ya yanke sifili a takarda, amma bai yanke su a bakin mutane ba. Har yau dattawa da yawa da matan kasuwa a Gana da tsohon lissafi suke magana. Idan tsohuwa a kasuwar Bawku ta ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 take nufi. Idan ta ce dubu goma, sidi 1 ne. Matasa kuwa, idan suna son a gane sabon lissafi suke nufi, sukan jefar da kalmar sidi gaba ɗaya su ce *ten Ghana* ko *fifty Ghana*, wato Gana goma, Gana hamsin.

> AKWATI NA 2
> Yanke sifili: sake fasalin kuɗi ta yadda lamba za ta gajarce amma abin da kuɗin ke saye bai canza ba.
> Ƙa'ida: daga tsohon sidi zuwa sabo, a cire sifili huɗu.
> 10,000 = sidi 1. 500,000 = sidi 50. 1,000,000 = sidi 100.

*Misali na 1.* Wata mai sayar da doya a Langabou ta kasa kayanta. Wani baƙo daga ƙetaren iyaka, mai jin Hausar zango, ya tsaya.

"Hajiya, sannu da kasuwa. Wannan tsibin nawa?"

"Jika goma sha biyu, Alhaji."

"Na saya miliyan biyu."

Kada Hajiya ta zabura, kada kuma ta ɗauka ba'a yake mata. Ta cire sifili huɗu daga 2,000,000, saura 200. Sidi 200 ya taya. Don lissafin aji kawai, mu ɗauka yau sidi 1 sefa 50 ne. Sai ta ce 200 sau 50, ya ba ta sefa 10,000, wato jika goma. Ashe tayinsa bai kai kuɗin da ta sa ba, da saura jika biyu. Yanzu ne za ta iya cewa, "Albarka, Alhaji, ƙara dai," da sanin abin da take ƙi.

4. Yadda ake rubuta shi da faɗarsa da Turanci

Da Turanci ana rubuta sunan haka: *cedi*. Mu da muka koyi boko da Hausa, idanunmu na ganin baƙin c sai bakinmu ya yi sautin da ke cikin ci da ceto da ciniki. A Turanci ba haka ba ne. Idan c ta zo kafin e ko i ko y, sautin s take bayarwa, kamar dai a Faransanci. Don haka abin da aka rubuta *cedi*, sidi ake karanta shi.

Sai batun tilo da jam'i. A Hausa muna cewa sidi ɗaya, sidi goma, sunan bai motsa ba, kuma shi ne a gaba, lamba a baya. Bature lamba yake sa wa a gaba, kuma idan abu ya wuce ɗaya sai ya ƙara masa s a ƙarshe:

*one cedi*, sidi ɗaya
*two cedis*, sidi biyu
*twenty cedis*, sidi ashirin
*fifty pesewas*, pesewa hamsin

Wuri ɗaya ne wannan s ke faɗuwa, wato idan kuɗin suna bayyana wani abu ne da ke biye da su. Takardar sidi goma ita ce *a ten-cedi note*, da karan ɗori a tsakani, babu s. Ba kowane kuɗi ne ke karɓar s ba. Nairar Nijeriya, wadda aka fara kashewa ranar 1 ga Janairu 1973, ba ta karɓa: *ten naira* ake cewa. Dalar Amurka da fam na Ingila suna karɓa. Kuma duk sunayen kuɗi da ƙaramin baƙi ake fara su a tsakiyar jimla, sunan ƙasa kaɗai ke ɗaukar babban baƙi.

A rasit da allon farashi ba kasafai ake rubuta sunan duka ba, alama ake sawa: GH₵. G da H farkon sunan ƙasar ne yadda suke rubuta shi, sai C da aka soke da layi. A saƙon banki da na kuɗin waya kuwa, irin MoMo na MTN, baƙaƙe uku za ku gani: GHS. Duka abu ɗaya ne. Ku lura da wannan: a rubuce alamar ce a gaba, amma a baki lamba ce a gaba. An rubuta GH₵20, ana faɗin *twenty cedis*. Mu a sefa mun saba ganin lamba tukuna sannan F ko FCFA a bayanta. A takardun banki sefarmu XOF ce, kuma da Turanci *CFA franc* ake ce mata.

> AKWATI NA 3
> GH₵: alamar sabon sidi a rasit da allon farashi.
> GHS: baƙaƙen sidi a banki da saƙon waya.
> XOF: baƙaƙen sefar Afirka ta Yamma a banki.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, wato ɗigo da waƙafi. A makarantun Togo, bisa tsarin Faransanci, waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da guntunta, dubbai kuma fili ake bari ko a sa ɗigo. A tsarin Turanci abin a juye yake: waƙafi ne ke raba dubbai, ɗigo kuma shi ke raba sidi da pesewa. Mu da sefa ba mu saba da guntu ba, domin ba mai ciniki da abin da bai kai tamma ɗaya ba. Shi ya sa idan muka ga sifili biyu a ƙarshen lamba sai mu haɗa su cikin kuɗin.

*Misali na 2.* Wani mai sayar da zabi a Dapaong ya aika kaya Bawku. Abokin cinikinsa ya turo masa hoton saƙon biya, an rubuta GHS 250.00. Nawa ne? Ya sa yatsa ya rufe ɗigon da abin da ke bayansa. Abin da ya rage 250. Sidi ɗari biyu da hamsin ne, babu pesewa. Ba 25,000 ba ne.

Ga wani rasit: GH₵1,250.50. Bayan ɗigo akwai 50, pesewa hamsin ke nan, rabin sidi. Gaban ɗigo akwai 1,250, kuma waƙafin yana nuna dubu. Sidi dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, da pesewa hamsin. Da Turanci: *one thousand two hundred and fifty cedis, fifty pesewas*. Da ɗan makarantar Sokode ne ya rubuta wannan adadi, 1 250,50 zai sa.

Saura tarko ɗaya, na kunne. Lambobin Turanci daga 13 zuwa 19 suna kama da na 30 zuwa 90. *Fifteen* sha biyar ne, *fifty* hamsin. *Sixteen* sha shida, *sixty* sittin. A cikin hayaniyar tasha, ko a waya mai yankewa, ko wanda ya yi makaranta yana iya ruɗewa. Mutanen Gana da kansu sukan warware abin da tambaya: *one-five or five-zero?* Wato ɗaya da biyar, ko biyar da sifili? Ku haddace wannan tambaya. Idan ta ɓace muku, ku miƙa wa mutum waya ya danna lambar ku gani da ido. Babu abin kunya a ciki, manyan 'yan kasuwa ma haka suke yi.

5. Namu lissafin ma yana ruɗa baƙo

Kada mu ɗora wa mutanen Gana laifin ruɗani su kaɗai. Bahaushen ƙasar sefa, daga Maraɗi har zangonninmu, ba da tamma yake ƙirga ba, da dala yake ƙirga, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Sunan ya samo asali ne daga babbar tsabar azurfa da fatake suka sani, sai aka ɗora shi a kan tsabar tamma biyar ta Faransa da ta yi kama da ita. Don haka sefa 100 dala ashirin ce, sefa 500 dala ɗari, sefa 1,000 kuma jika ɗaya. Wannan dala ba ita ce dalar Amurka ba, ko da yake sunansu tushe ɗaya ne. Sunan kuɗi kamar kwanon awo yake: ko'ina kwano ake ce masa, amma na wannan kasuwa ba lalle ya ci abin da na waccan ke ci ba.

*Misali na 3.* A Sinkase wani yaro mai tura kaya a baro ya ce wa wata 'yar kasuwa daga Tamale, "Mama, ɗari za ki ba ni." Shi dala ɗari yake nufi, sefa 500. Ita kuma ta ji sidi 100, wanda a lissafin ajinmu sefa 5,000 ne, ninki goma. Sai ta hau faɗa, tana cewa ya raina mata hankali. Duka biyun Hausa suke yi, ba wanda ya yi ƙarya. Da ta ce, "Ɗana, ɗarin me?" da magana ta ƙare.

> AKWATI NA 4
> Tamma: sefa 1. Dala: sefa 5. Jika: sefa 1,000, wato dala 200.
> Ƙa'ida: daga dala zuwa sefa, a ninka sau 5.

6. Canji

Sefa da sidi ba halinsu ɗaya ba. An ƙirƙiro sefa a Disamban 1945. Yau ƙasashe takwas ke kashe irin tamu: Togo, Benin, Nijar, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau, kuma babban bankinsu yana Dakar. A ɗaure take da yuro: tun 1999 yuro 1 sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Dattawanmu dai ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajarta da rabi dare ɗaya, amma tun daga nan ba a sake ba.

Sidi kuwa a sake yake, kasuwa ce ke yanka masa farashi. Da aka fito da sabon a 2007, ɗaya ya ɗan fi dalar Amurka, ya haura sefa 500. A 2022 ya zube ƙwarai, har hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamban shekarar. A 2025 kuma ya farfaɗo sosai. Wannan ne dalilin da ya sa ba za a iya rubuta muku farashin canji a littafi ba. Na jiya ma ba lalle ya yi aiki yau ba, sai an tambaya.

Ɗan canji farashi biyu gare shi: wanda yake sayen sidi, da wanda yake sayar da shi. Na sayarwa ya fi tsada, kuma tazarar ita ce ribarsa. Halaliyarsa ce, domin ya zauna cikin rana ya kuma ɗauki kasadar faɗuwar kuɗi. Hakkinka kai kuma shi ne ka san wane farashin ake yi maka lissafi da shi kafin ka miƙa kuɗi.

> AKWATI NA 5
> Farashin canji: adadin sefar da ake bayarwa a kan sidi 1 a rana.
> Daga sidi zuwa sefa: a ninka. Daga sefa zuwa sidi: a raba.

*Misali na 4.* Wani ɗan tireda daga Sokode zai shiga Gana sayen kaya da sefa 130,000. Mu ɗauka ɗan canji yana sayen sidi a 48, yana sayarwa a 52. Tunda ɗan tireda sidi yake nema, farashin sayarwa ne ya hau kansa. Ya raba 130,000 da 52, ya sami sidi 2,500. A ce ya je bai sami kayan ba, ya dawo da kuɗin yadda suke. Yanzu ɗan canji ne mai saye, a 48. Sidi 2,500 sau 48 ya ba da sefa 120,000. Jika goma ta tafi, bai sayi ko allura ba. Saboda haka a canza abin da za a kashe, ragowar a bar ta a sefa.

*Misali na 5.* Wata mai albasa a Dapaong ta ba da kaya bashi a kan sidi 1,000, ranar da canji yake 50. A ranta sefa 50,000 take bi. Bayan wata biyu aka biya ta sidi 1,000 cif, amma canji ya sauka zuwa 44. Abin da ya shigo hannunta sefa 44,000. Wanda ya ci bashin bai ci amana ba, abin da aka ambata ya biya. Da sidi ya tashi ne, da ita ce da riba. Wanda ba ya son wannan caca, ya yanka bashi da kuɗin da ya sari kaya da su, a kuma rubuta sunan kuɗin a takarda gaban shaidu, ba lamba kawai ba. Shi kuwa canji kansa, malamanmu sun karantar da mu cewa hannu da hannu ake yinsa, a ba ka a wurin, ka bayar a wurin.

A duk misalan nan biyar za ku ga ba wanda aka yi wa fashi. Lamba aka faɗa ba a faɗi sunan kuɗi ba, ko aka karanta rubutun Turanci da idon Faransanci, ko kuma farashin canji ne ya ci kuɗin. Kafin ku ce "na sallama", ku tabbatar da abu uku: sidi ne ko sefa, tsohon lissafi ne ko sabo, kuma nawa canji yake yau.

Tambayoyin bita

1. Daga wane harshe kalmar sidi ta fito, kuma mece ce ma'anarta? Wace kalmar Hausa ce take da irin wannan asali?
2. Pesewa nawa ne a cikin sidi 3?
3. A wace shekara aka fara kashe sidi? A wace shekara aka yanke masa sifili huɗu?
4. Me ya sa ba a karanta *cedi* da sautin da ke farkon kalmar ciniki?
5. Wanne ne daidai da Turanci, *five cedi* ko *five cedis*? Yaya ake cewa takardar sidi ashirin?
6. Karanta waɗannan da Hausa da babbar murya: GH₵7.50, GH₵3,400.00, GHS 60.05.
7. Wata tsohuwa a Yandi ta ce buhun gawayi "miliyan ɗaya da rabi". Sabon sidi nawa ke nan?
8. Sefa nawa ce dala ɗari uku? Dala nawa ce jika biyu?
9. Ɗan canji yana sayen sidi a 46, yana sayarwa a 50. Kana da sefa 75,000, kana son sidi. Nawa zai ba ka? Idan ka mayar masa da su nan take, sefa nawa za ka karɓa?
10. Direba ya faɗa maka kuɗin mota, ba ka tabbatar ko *thirteen* ya ce ko *thirty* ba. Wace tambaya za ka yi masa?

Aikin gida

Kowa ya tambayi farashin canjin sidi sau biyu a wannan mako, ranar kasuwa da kwana uku bayanta, ya rubuta na saye da na sayarwa a littafinsa tare da kwanan wata. Wanda yake da takardar sidi, ko tsohuwar kwandala, ko wuri a gida, ya zo da su aji mai zuwa domin waɗanda ba su taɓa riƙewa ba su gani.